Lomar Ummu Mus'ab

Ana kiran azahar Othman ya iso unguwar Ruwais, ɗauke da maganar da kowa ya ƙi ɗauka. Mus'ab, abokin aikinsa a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, ya yanke jiki ya faɗi da hantsi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Abokan aiki kuwa, ka san halinsu, kowa ya noƙe. Aka ce ai Othman ne ya san gidan, shi zai gaya wa uwar.

Bai yi kuka ba. A cikin tasi ma ya laluba zuciyarsa bai ji komai ba, sai ka ce ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Ummu Mus'ab, tsohuwa 'yar Habasha, ta buɗe ƙofa. Ta dube shi, ta leƙa bayansa.

"Khala, na zo ne..." ya fara. Haka yake kiranta, wato inna da Larabci.

"Yalla, maza wanke hannu. Maganar ta jira."

Ta shimfiɗa injera a faranti, faffaɗar wainar nan tasu mai tsami, mai idanu kamar sinasir, ta zuba miyar kaza ja wur a tsakiya. Ba a neman cokali, yaga ake yi a dumbuzo miya da ita. Mutanen Habasha kuma suna da wata al'ada: wanda suke ƙauna, su naɗa loma su sa masa a baki da hannunsu, kuma ba a cewa a'a.

Ya buɗe baki zai yi magana, loma ta shige. Barkonon da kullum ke sa shi tari, yau ko ɗanɗanonsa bai ji ba. Ya haɗiye.

"Khala, Mus'ab..."

Ta cusa masa wata da ta fi ta farko girma.

Sai can ya lura ita ba ta kai komai bakinta ba. Ba ta kuma tambayi ɗanta ba, matar da in ya ɗan makara sai ta ishe shi da waya. Miya na gangarowa daga yatsunta har gwiwar hannu, ba ta goge ba.

Injera ta ja baya, ƙarfen faranti ya fara bayyana. Tsohuwa ta koma yagar 'yan mitsi-mitsi, tana naɗawa a tsanake. Ta miƙo masa ɗaya, idonta na kan farantin.

"Ya waladi, ɗana, kar ka yi sauri," ta ce. "Tauna a hankali."