Allon da Ban Gama Karantawa Ba

Jiya da dare wani mafarki ya kai ni gidan silima marar rufi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana komawa sama, don haka tafin ƙafa kawai ke jiƙewa. Wani bunsuru mai tabarau ne ke tsaron ƙofa. Na miƙa masa tikitina, ya cinye.

Ya ce, "Shiga, samari. Fim ɗin ba ya magana, kai ma kada ka yi."

Fim ne irin na da can, baƙi da fari, mutane na tafiya kamar ana korarsu. In wani ya buɗe baki, sai a nuna allo da rubutun abin da ya ce. Wani mutum na zaune a gidan giya da ƙwarya a hannu. Da ya ɗago, sai na ga Baba ne, Baba Tanimu da muka binne bara, har da hularsa mai ƙunar sigari.

Ya dube ni, ya dafa ƙirji, ya yi doguwar magana. Allo ya fito. Ni a aji uku na bar makaranta, sai na haɗa baƙi da baƙi nake karatu. Na kai "Ɗana Ilu, ka" sai allon ya wuce.

Sai ga ni a ɗakin inji. Bunsurun ne ke juya fim ɗin da ƙaho.

"Ranka ya daɗe, a maido mini allon nan. Ubana ne."

"Duk wanda ke zaune can ƙasa ubansa yake gani," in ji shi. Amma ya juya fim ɗin da baya.

Giya ta fito daga bakin Baba ta koma ƙwarya. Ya fita da baya-baya, tangaɗinsa na raguwa. Hawayen Inna suka hau kumatunta suka koma ido. Keken ɗinkinta da ya sayar ya dawo a kan ɗan dako. Na ga kaina cikin kayan makaranta.

"Allon fa?"

"Mun wuce shi. Ba ga shi ya tuba ba? A nan haka ake tuba."

Baba ya ɗora ni a wuya, muna dariya ba sauti.

"To tsaya nan, don Allah!"

"Injin ba shi da birki."

Na ƙanƙance, na koma goyo, na ɓace. Baba ya zama saurayi fes a kan keke, idonsa fari tas. Daga ɗakin injin na ɗaga masa hannu. Ya dube ni da fara'a, ya buɗe baki. Wannan allon gajere ne, na karanta shi duka: "Yaron nan ɗan wane ne?"

Injin ya ci gaba da gurnani, har na gane injin markaɗen maƙwabta ne. Inna tana buga ƙofa.

"Ilu, tashi ka kai mini wake kafin layi ya yi tsawo."

Hular Baba na rataye a ƙusa, inda ya bar ta.