Kallabin da Ba a Wanke Ba

"Ga kallabinki, ya bitti, 'yata, barandata ya faɗo. Amma wannan wankakke ne, ba zai yi ba. Wanda kika kwana da shi nake so."

Inna Sulafa ce tsaye a bakin ƙofata tana haki saboda matattakala. Ta zaro kallabin nawa shuɗi daga cikin tob ɗinta, wannan lulluɓin da matan Sudan ke naɗawa, a ninke tsaf. Ta ce kwanansa biyu a jikinta, ƙafa ce ta hana ta hawowa.

"Me za ki yi da wanda na kwana da shi, Inna?"

"Yarana ne. So nake su san warinki. Idan na tafi, ke za su bi."

Jama'a, ni 'yar Gusau ce. A wurinmu idan tsohuwar da ba ta da ɗa ko jika ta nemi tufafin mai ciki wanda ba a wanke ba, ta kuma ce tana da yaran da za su bi ki bayan ranta, ba kya neman mai fassara. Cikina wata biyar a lokacin, bayan ɓari biyu. Ina cikin wannan tunanin wani abu ya motsa a ƙirjinta, ƙarƙashin tob ɗin. Wallahi ya motsa! Ta ɗora tafin hannu a wurin, ta sunkuyar da kai tana raɗa masa, "Yi shiru, yi shiru."

Na ce, "Bari in duba." Na rufe ƙofa, na murza makulli sau biyu. Kallabin kuwa da leda na kama shi, na ƙulle a leda uku, na wurga saman wardirob, na wanke hannuna da ruwan gishiri ina Falaƙi da Nasi.

Bari in faɗa muku wadda na rufe wa ƙofa, don ku san girman abin da na yi. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta suka taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka a ƙafa, suka yada zango a Mai Wurno, zangon ya zama gida. Yaƙi ya koro ta Alƙahira. Ta yi aikin shara da goge-goge a gidan wasu Turawa a unguwar Ma'adi har ƙafafunta suka kumbura, ta zauna a ɗakin da ke ƙasa da namu a unguwar Ainu Shams. Lokacin da aka kawo ni wurin mijina Malam Kamilu, wanda ke karatun Hadisi, ko farashin tumatir ban iya tambaya da Larabci ba. Ita ta koya min zura kwando da igiya daga baranda in sayi burodi, ita ta nuna min taragon mata a metro. Da laulayi ya kwantar da ni, kisra, wata siririyar gurasar dawa ta Sudan, da miyar busasshiyar kuɓewa take hawo min da su, ta zauna sai na cinye. Duk wannan na share shi a minti ɗaya.

Na zauna na fara haɗa hujjoji kamar wata alƙaliya. Ai dama bayan magariba ina jin wani kuka daga ɗakinta, wani lokaci kamar haushin ɗan kwikwiyo, wani lokaci kamar ƙaramin injin markaɗe. Ai na taɓa ganin tsutsotsi a roba a kicin ɗinta. Ai na ga tana zuba zuma da ƙwai a wani ɗan faranti wanda ko jariri ba zai ƙoshi da shi ba. Kuma ƙuryar ɗakinta kullum a rufe take.

Da Malam ya dawo na zazzage masa komai.

"Ki ji tsoron Allah, Humaira," ya ce. "Ki sauka ki tambaye ta mana."

"Kai ka sauka, tunda ba kai ne mai cikin ba."

Jarrabawa yake, bai sauka ba. Ni kuma na ɗauki waya na shiga zauren matan ɗalibai na rubuta, wai nasiha. Ban kama suna ba, na ce kawai a yi hattara da wata tsohuwa 'yar Sudan a gininmu. Tsohuwa 'yar Sudan guda nawa ce a gininmu? Mardiya, matar wani abokin Malam, wadda take aika mata abinci duk Juma'a, daga ranar ta daina. Sauran kuwa idan sun hango ta a bakin titi sai su tsallaka ɗaya gefen.

Ta turo min saƙon murya har uku. Ban buɗe ko ɗaya ba, don Mardiya ta ce har ta waya ana turo wa mutum abu. Ranar da ta turo na ukun, da azahar, na ji tafiyarta a matattakala, silifas ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙwanƙwasa. Na kunna Baƙara a waya na ƙure murya, na tsaya a bayan ƙofar ina jin numfashinta. Ta daɗe zaune a kan matattakalar kafin ta sauka.

Kwana tara bayan nan, ranar Juma'a da hantsi, aka buga min ƙofa da ƙarfi. Hadeel ce, 'yar ƙanwarta da ke zuwa duba ta mako-mako.

"Khalti ta rasu," ta ce. "Zo ki kama min, ni kaɗai ce."

Ba yadda zan yi, na bi ta ina addu'a a ciki. Inna tana kwance a gefenta na dama a kan katifa, fuskarta na kallon taga, hannunta ɗaya a ƙirji. Hadeel ta fara warware tob ɗin don mu gyara mata kwanciya. Sai ga wata 'yar jaka ta yadi mai laushi rataye a wuyanta, tana motsi. Na kurma ihu na yi baya har na ture butar alwala.

"Malik? Me ya same ki?" in ji Hadeel. Ta zuge bakin jakar.

Kawuna biyu suka leƙo. 'Yan mitsi-mitsi, kowanne bai cika tafin hannu ba, toka-toka da baƙin layi daga goshi zuwa baya, idanu ƙato-ƙato baƙaƙe. Kamar 'ya'yan kurege. Ɗaya ya fito ya miƙa jiki, sai na ga wata fata daga hannunsa har ƙafa, kamar ya yafa mayafi. Ya shinshina haɓar Inna, ya lashi wuyanta, ya koma jaka.

"Shuga-gilaida ake ce musu," Hadeel ta ce tana share hawaye. "Turawan da ta yi wa aiki ne suka bar su da za su koma ƙasarsu. Wannan Karkade, ƙaramar Balaha. Mai gidan nan ya ce duk wanda ya kama da dabba zai fitar masa da kaya, shi ya sa take ɓoye su, take ce musu yarana." Ta buɗe ƙuryar ɗakin, ga dogon keji an rufe da zane. "Ni mu bakwai ne a ɗaki, ga kyanwa. Amma ta ce min kada in damu, ta samar musu uwa a sama. Ke ce Humaira, ko?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ce, "Ni ce."

Bayan la'asar aka kai ta. Daga zauren namu mata biyu kawai suka zo gaisuwa, su ma a bakin ƙofa suka tsaya. Malam ya ɗauko kejin ya hawo da shi a lulluɓe, ya ajiye ko kallona bai yi ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na ce to, tunda ban yi mata komai tana raye ba, bari in kula da yaranta yadda ba a taɓa yi ba. Na goge keji tas. Jakar nan na ga ta yi dauɗa, tana wari, na jiƙa ta a omo na cuɗe ta da kyau na shanya. Na yanka musu tuffa. Amma da na kai hannu sai su tashi da wannan ƙarar injin markaɗen, baki a buɗe, su kai min cizo. Suka ƙi shiga jakar. Suka dunƙule a kusurwa ɗaya suna kallon ƙofa. Abincin da na ajiye da yamma shi nake kwashewa da safe, ƙudaje sun rufe shi.

Saƙonnin uku suna nan a waya. Yanzu ba tsoro ke hana ni buɗewa ba, kunyar jin muryarta nake.

Safiyar kwana na huɗu na tarar da Balaha a ƙasan keji, ta sandare. Karkade na zaune a kanta. Malam ya naɗe ta a hankici ya fita da ita, ni kuma na zauna a ƙasa na danna saƙo na farko.

"Salamu alaikum, ya bitti. Na ga fuskarki ta canja. Ma'alish, bakina ne ya tsufa, ban iya magana ba. Yaran nan ba komai ba ne, 'yan dabbobi ne ƙanana. Sauko ki gan su da idonki, za ki yi dariya. Kada dai ki faɗa wa mai gidan hayar nan." Ta yi dariyar ita ma, tari ya katse ta.

Na biyu ya fi tsawo. "Likita ya ce zuciyar ta gaji, to bari in koya miki tun ina da numfashi. Da hanci suke sanin nasu, shi ya sa na nemi kallabin. Da rana barci suke, ki sa su a jaka ki rataya a ƙirji, su ji ɗuminki. Tuffa, gwaiba, dafaffen ƙwai, zuma kaɗan, tsutsa biyar-biyar. Ban da albasa. Kada ki cafko su ta sama, shimfiɗa hannu ki jira. In sun cije ki kada ki janye, tsoro ne kawai. Jakar kuwa kada ki wanke ta sai sun saba da ke, warina ne a ciki. Ba sa jure zama su kaɗai, ya bitti."

Na kalli jakar rataye a jikin keji, fes, tana ƙamshin omo.

Na uku gajere ne. "Na zo ban same ki ba. Amma na ji karatu na tashi, masha Allah, na zauna na saurara har na huta. Allah ya sauke ki lafiya. Khalas, sai kin samu hali."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da ita. Sannan na zura hijabi na sauka da gudu, da cikin nawa da komai, in samo ko da tsumma ne nata. Na tarar da Hadeel tana goge daɓe. Kayan Inna duk an wanke an rabar sadaka tun jiya, katifar ma mai gwangwan ya tafi da ita. Ɗakin babu abin da yake yi sai warin maganin goge ƙasa.

Na hawo ina jan ƙafa. Karkade yana kusurwarsa, ya ƙanƙame jiki, ko ƙarar ma ya daina yi da ƙarfi. Na san in aka ƙara kwana ɗaya a haka, hankici na biyu Malam zai nema. Na ɗaga kai ina roƙon Allah, sai idona ya sauka a saman wardirob.

Na jawo kujera na taka. Ledar tana nan inda na wurga ta, ta yi ƙura. Ƙullin da na yi mata ba na wasa ba ne, da haƙori na kwance na ukun. Ina buɗewa ƙamshin ya bugo ni: humra, sandal, hayaƙin turaren wuta, da ɗan gumin tsohuwar da ta hawo matattakala. Kwanansa biyu a jikinta, ledata uku kuma ba su bar ko kaɗan ya fita ba.

Na rataya kallabin a wuya, na shimfiɗa bakinsa a tafin hannuna, na zura hannun cikin keji na jira. Karkade ya buɗe baki ya yi ƙararsa. Ya zabura ya kafa min haƙori a yatsa, har jini ya tsattsafo. Ban janye ba.

Ya saki. Hancinsa ya fara rawa. Ya taka yadin da hannu ɗaya, ya tsaya, ya ƙara takawa. Sai ya bi kallabin ya haura hannuna, 'yan faratansa na sosa ni, ya shige ninkin da ke ƙirjina ya juya sau biyu ya lafe. Na lalubo yankan tuffa a faranti na tura masa a hankali.

A ƙasa mai sayar da gas yana dukan tukunyarsa da sifana, tuktuk, a-daidaita-sahunsu, na ta oda. Aka kira azahar, ƙafata ta sage, ban motsa ba. Can ƙarƙashin kallabin na ji ya fara tauna.