Bokiti Bakwai na Lamara

Ranar da za a sallamo surukar Lamara, matar ɗanta, daga asibiti da jaririnta, ranar ƙarafan ɗumama ɗakin bene suka ƙi ɗaukar zafi. Tun hantsi mijinta Otar ke ɗura wa tukunyar ɗumama gida itace a ɗakin ƙasa. Tukunyar sai ƙara take kamar ana dukanta da guduma, amma bututun da ya hau sama sanyi ƙalau.

"Injin tura ruwan ne ya mutu," in ji Otar. Ya ɗora masa hannu, ya ji yana kaɗawa lafiya lau. "To uban me ya hana ruwan zagayawa?"

Lamara ta dubi allurar ma'aunin zafi, har ta taɓa ja. Nan take ta gane abin da ta yi. Kwana uku tana buɗe ɗan famfon gindin ƙarfen ɗaki, tana tsiyayar ruwan zafin da ke zagayawa daga tukunyar tana wanke kayan jariri.

Otar ya sake rungumo itace.

"Tsoho, ajiye."

"Jikan nawa ya kwana cikin ƙanƙara? Matsa, tsohuwa!"

"Ba ruwa a ciki. Ni na ɗiba."

"Nawa?"

"Bokiti... bakwai."

"Bakwai! Rijiya aka ce miki na haƙa?" Ya watsar da itacen, ya kai hannu ga famfon cika tukunya. Lamara ta buge hannun.

"Ruwan sanyi a ƙarfe mai wannan zafi? So kake ta tsage a fuskarka?"

Da shebur suka riƙa kwashe garwashin, suna fita da shi suna zubawa kan dusar ƙanƙara, hayaƙi na sa su tari. Sannan suka zauna jugum, idonsu a kan allura. Sai da ta sauka sosai Otar ya saki ruwa kaɗan-kaɗan. Lamara ta ja gwiwarta mai ciwo ta hau bene, ta sassauta kusoshin ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, iska na fita fuuu, har baƙin ruwa ya tsarto mata a riga.

Otar ya sake hura wuta, 'yar kaɗan. Ita kuwa tana can durƙushe, tafinta a jikin ƙarfe, tana ta addu'a. Ba komai. Ba komai dai. Can ta ji ƙulu-ƙulu cikin bututu.

"Tsoho! Ya fara ɗumi!"

"Madalla," ya amsa daga ƙasa. "Miƙo mini waya da filaya. Wannan famfon yau zan ɗaure bakinsa."