Kwanon Tsuntsaye a Kabarin Dalanda

A maƙabartarmu ta Mahdiya, wadda ta gangara har bakin teku, ana barin ɗan gurbi a kan kabari don a riƙa zuba wa tsuntsaye ruwa. Su sha, ladan ya tafi ga na kwance. Gurbin da ke kan kabarin matata Dalanda ya tsage tun hunturunta na biyu a can. In na zuba ruwa da safiyar Juma'a, kafin in kai ƙarshen Fatiha ya tsiyaye. Maƙwabcinta kuwa, wani dillalin kifi da bai taɓa yi wa kowa alheri ba yana raye, tsuntsaye har layi suke yi a kansa.

Sau biyu magini yana liƙewa da siminti, gishirin teku yana cinyewa. Ga bazara ta matso. Shi ya sa na je wurin Munji.

Munji abokina ne tun muna firamare. Shekara arba'in ya yi yana cire wa mutane haƙora, da ya yi ritaya sai ya rasa wanda zai azabtar, ya sayo injuna biyu ya ajiye a garejinsa: ɗaya na waldar argon, iskar gas da ke rufe narkakken ƙarfe har ya huce, ɗaya na filasma, mai yanka ƙarfe da siririyar wuta. Na yankan bai kwana uku a hannunsa ba matarsa Shadliyya ta ƙwace. Tun daga nan take yanka kifaye na ƙarfe tana raba wa maƙwabta su rataya a ƙofa saboda kambun baka.

"Kwano nake so, na ƙarfen da ba ya tsatsa," na ce masa. "Kuma ni zan yi da hannuna."

"Kai, Si Munsif? Kai da ko ƙwan lantarki Dalanda ce ke canza maka?"

"Shekara talatin da shida na yi ina kula da laburare. Babu abin da aka rubuta da ba zan iya koya ba."

"To Allah ya ba ƙarfe haƙuri," in ji Shadliyya.

Ita ta yanka mini faifan gindi da dogon zirin da aka lanƙwasa ya zama bango. Ta ja bakin wutar a hankali, tartsatsi na zuba ƙarƙashin tebur kamar ana sheƙar gero na zinariya, faifan ya faɗo yana hayaƙi. Aikina shi ne in haɗa biyun, in zagaye gindin da walda har in dawo inda na fara.

Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa a cikin hular walda akwai wata duniya. Kana sauke ta sai garejin ya ɓace, da Munji da surutunsa. Duhu kawai. Ka danna maɓalli, sai wani koren haske ya buɗe, a tsakiyarsa ɗan tafki na narkakken ƙarfe wanda bai fi ƙwayar wake ba, yana rawa. Hannun dama na tura shi gaba, na hagu na ɗosana masa sandar ciko, ɗigo bayan ɗigo, yana barin zane a bayansa irin wanda ruwa ke bari a yashi in ya janye. Wani lokaci nakan ga kamar daga sama nake kallon gaɓar tekunmu, ga wata mace can ƙasa tana tafe a bakin ruwa, takalmanta a hannu, ba ta sauri. Ina bin ta da hasken har mu zagayo.

Kwano na farko muka cika shi da ruwa, muka ɗora a kan jarida, muka zauna shan shayin na'ana'a. Kafin mu shanye, jaridar ta jiƙe. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Kullum a wuri ɗaya: ɗan rami kamar hudar allura, baƙi ƙirin, daidai inda waldar ta ƙare.

Munji ya ɗora laifin a kan tsinin allurar walda, ya wasa ta. Ya ɗora a kan maiƙon hannuna, ya sa na goge ƙarfen har ina ganin fuskata, abin da ban roƙa ba. Ya ce iskar teku ce ke kore argon ɗin, ya rufe ƙofar gareji muka yi ta zufa. Kwano na shida ma ya jiƙa jarida.

"Ku duka biyun kurame ne," Shadliyya ta ce, tana cire safar hannu. "Ni daga nan ina ji. Wuta ta mutu, iskar tana nan tana huci, shi kuwa malam har ya ɗaga hannu ya tuɓe hula. Wa zai rufe ƙarfen kafin ya huce? Daƙiƙa goma kacal, Si Munsif. Ka tsaya a kansa har hucin ya ɗauke."

"Na sani. Yana shafi na goma sha tara a littafin injin."

"Au, ka sani?"

Munji ya ajiye kofinsa. "Ranar da muka binne ta ma haka ka yi. Liman bai shafa addu'a ba, muka waiga, ka kai bakin titi."

"Kai kuma ranar ka zo da rigar da ta fi dacewa da ɗaurin aure, ban ce maka komai ba."

Na ɗauki hulata ta kai, na fita. Mako biyu ban koma ba.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne hucin. In haske na ci, ƙarar injin na danne shi. Da zarar ya mutu sai ka rage kai kaɗai a cikin duhu da wannan siririn sauti, sssss, irin na tulun iskar numfashi da aka jingina a gefen gadon Dalanda wata huɗu. Na karanta littattafai masu yawa a kan mutuwa, na masu hikima da na masu surutu, babu wanda ya ambaci cewa tana da sauti irin na tayar keke da ta sace.

Juma'a biyu na je na zuba ruwa a tsagaggen gurbi, na tsaya ina kallon yadda farin dutse ke shanye shi. Rana ta fara zafi sosai. A Juma'a ta biyu na tarar da wata kurciya zaune a gefen gurbin, ta leƙa ciki, ta dube ni, ta tashi ta koma wurin dillalin kifi.

Da na koma gareji babu wanda ya yi mini maganar da ta wuce. Shadliyya ta miƙo mini faifai da ziri, da alama tun tuni ta yanka su ta ajiye.

Na sauke hula. Koren haske, ɗan tafki, gaɓar teku, matar da takalma a hannu. Muka zagayo tare har inda muka fara. Na saki maɓalli.

Duhu, da huci. Hannuna ya so tashi, na danne shi da ɗayan. A cikin baƙin gilashin akwai sauran ɗigon ja, yana raguwa kamar fitilar jirgin masunta da ya yi nisa. Na ƙirga har biyar, daga nan ƙirgar ta ɓace mini. Na ji ƙamshin ruwan furen lemo da nake shafa mata a goshi, na ji labule na motsi, na ji ina zaune a kujerar da na saba gudu daga kanta in ce zan je ɗauko magani. Ɗigon ya mutu. Hucin ya ɗauke da kansa.

"Ya isa, ɗan'uwa," na ji muryar Munji. "Goma aka ce, ba sai la'asar ba."

Ƙarshen waldar ya fito fes, da launin ciyawa busasshiya. Muka sha shayi zagaye biyu, jarida na nan a bushe. Munji ya ɗaga kwanon ya shafa gindinsa, ya ce zanen waldar ya yi kama da haƙoran tsohuwar akuya, amma dai ba ya yoyo.

Ranar Juma'a na zaunar da shi a cikin tsohon gurbin, ya shiga daidai. Na cika shi har baki. Na gama Fatiha, ruwan yana inda yake, sararin sama kwance a cikinsa. Na zauna a gefen kabarin, abin da ban taɓa yi ba. Aka jima, kurciyar ta sauka a kan dillalin kifi, don ta saba. Sannan ta tako a hankali ta tsallako wajenmu, ta tsoma baki, ta daɗe tana sha.