Hoton da Baba Bai San an Ɗauka Ba

Umma ta ture hoton gefe da bayan hannunta. "Wannan ma ba shi ba ne."

"Haba Umma," in ji Yaya, babbar yayata mai aikin jinya. "To waye? Ga hularsa, ga gashin bakinsa."

"Wannan Sufeto ne. Ni mijina nake nema."

Ranar Asabar tsoffin abokan aikin Baba za su taru a gidanmu don tunawa da shi, waɗanda suka yi soja tare da kuma 'yan sandan da ya ƙare aiki a cikinsu. Ni ne auta, sana'ata yanka gilashi da haɗa firam, shi ya sa aka ɗora mini aikin: in sa a faɗaɗa hotonsa ɗaya, in yi masa firam, a rataye a falo. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Sai Umma ta kafa sharaɗi: ko dai wanda yake dariya a ciki, ko a bar mata bangonta yadda yake.

Ita ma da gaskiyarta. A gida Baba ba ya minti biyu bai sa wani dariya ba. Ya iya kwaikwayon tafiyar kowa a unguwa, yana goya jikoki a wuya yana yi musu kukan jiniya, in ya karɓi wanke-wanke daga hannun Umma sai ya jera kofuna ya ce su ƙame. Amma da an ɗaga kyamara, shi ke nan. Ƙirji waje, haɓa sama, hannuwa manne da cinya. Ko a hoton aurensu, in ka gani sai ka rantse kamo Umma ya yi zai kai ta caji ofis.

Da muka ƙure na gida, na tafi wurin Kawu Kofur, amininsa tun bariki. Ya jawo akwatin ƙarfe cike da hotuna daga ƙarƙashin gado muka baje. Duk kanwar ja ce: maza a jere, fuska a murtuke.

"Auta, wahalar banza kake," in ji shi. "Mu haka aka hore mu. Wanda ya yi murmushi a hoton fareti sai ya zagaya fili da bindiga a ka, har ya manta yana da haƙora."

Na fara mayar da hotunan cikin akwatin. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai ɗan wa ne? Ubanka in ya shiga taro neman mai yankan aljihu, ba ya kallon na gaba. Na gaba ya san ana kallonsa. Na baya yake kallo, wanda ya saki jiki. Ku daina neman hotonsa. Ku nemi hoton wasu."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Takalmina ɗaya ma a hannu na fito da shi.

Kafin azahar falonmu ya zama kasuwa. Na ari gilashin ƙara girma wurin mai gyaran agogo, Yaya ta bi maƙwabta gida-gida tana aron hotunansu. Mai shagon kan kwana ya kawo nasa a leda, maƙwabciyarmu matar direba ta kawo kundi guda har da na kakanninta. Kowa ya durƙusa a kan tabarma yana leƙen bayan mutane.

"Ga shi! Ga shi nan!"

Muka ruga. Kunnen Baba ne kawai, sauran an yanke.

"Na same shi!" Wannan karon ƙeyarsa ce, yana gyara wa wani yaro sarkar keke.

"Ƙeyar ma a ƙame take," in ji matar direba, aka kwashe da dariya. Umma tana kan kujera tana cewa mu yi a hankali da hotunan mutane, amma ina lura da ita, duk wanda ya yi ihu sai ta ɗan ɗago.

Can na ɗauko wani ƙaramin hoto da launinsa ya fara ja. Yaya ce tana yarinya, ranar gasar tsere ta makaranta, ta ci na ɗaya, ƙirjinta na taɓa zaren ƙarshe.

"Ajiye wannan," ta ce. "Bai zo ba ranar. An tura shi ba da hannu a mahaɗar titi. Har gida na zo ina kuka, ya ce aiki aiki ne."

Na kusa ajiyewa. Sai dai na saba, in gilashi ya zo hannuna sai na duba har gefe-gefe. A bayan malamai akwai shingen waya, a bayan shingen akwai wani ɗan mutum cikin kaki. Na ɗora gilashin. Ƙafafunsa duka biyu ba sa ƙasa. Hula na sama a hannunsa, baki a wangale.

"Yaya," na ce, "zo ki ga wani abu."

Ta karɓa ta duba. Ta goge gilashin da gefen mayafinta ta sake dubawa. Sai ta kurma ihun da ya sa yaran waje suka shigo a guje.

"Ya zo! Wallahi ya zo! Umma, ya zo!" Tana dariya, hawaye na zuba, tana dukan kafaɗata kamar ni na ɓoye shi.

Umma ta gwada gilashin, amma idonta ya gaza. "Ni ɗigo nake gani," ta ce. "A faɗaɗa tukuna."

Mai wankin hoto ya gargaɗe ni. Fuskar ba ta kai ƙwayar wake ba, in aka ja ta za ta watse. Na ce ya ja. Da ya miƙo mini, sai na ga dishi-dishi, kamar ana hango mutum ta gilashin da ruwan sama ya jiƙa. Duk da haka na zaɓi katako mafi kyau a shagon da nake aiki, na goge gilashin har sai da maigidana ya ce zan huda shi.

Ranar Asabar tsoffi suka cika falo, wasu da sanda, wasu da lambobin yabo a ƙirji. Na hau kujera na rataye, na sauko na tsaya gefe.

Kawu Kofur ne ya fara magana. "Kai! Wannan ai kakin aiki ne! Ya bar mahaɗa ya tafi kallon tsere? Mutumin da ya taɓa kai ƙarata don na je shan ruwa!" Falo ya ɗauki dariya, wani tsoho har da buga sanda a ƙasa.

Umma ba ta yi dariya ba. Ta matso dab da hoton, ta girgiza kai. Na sunkuyar da nawa. Sai ta ja baya taku ɗaya, ta ƙara ja, ta ƙara, mutane na buɗe mata hanya, har bayanta ya taɓa ƙofa. Daga can nesa dishi-dishin ya haɗu, fuskar ta fito.

Ta rufe baki da hannu. "Ga shi nan," ta ce. "Ga ɗan banzan nan."

Ta jawo kujerarta zuwa bakin ƙofar ta zauna, tana ta kallo.

"Auta, sauko mini da shi ƙasa kaɗan. Wuyana zai gaji."