Hawa na Bakwai

Shekara uku Auta ta yi tana neman sunan wasan. Abin da ta riƙe bai taka kara ya karya ba: yarinya mai jar riga, hasumiya a bakin teku mai hawa bakwai, kowane hawa da ƙofarsa a kulle sai an nemo makulli. Uwar yarinyar na can sama tana jiranta. Lokacin Auta na da shekara shida, Mama na kwance a asibiti, ita da Yaya suna wuni gaban kwamfutar Baba. Rubutun wasan da wani yaren ƙetare ne, Yaya ke karanta mata. Ba su taɓa wuce hawa na shida ba. Mama ta rasu, kwamfutar ta koma sito.

Ta tambaya a dandalin masu son tsofaffin wasanni, aka jero mata sunaye sun fi ashirin, babu nata. Wani ma cewa ya yi mafarki ta yi. Ita kuwa abu ɗaya take so ta gani, ko yarinyar ta iske uwarta.

Ranar da ake kwashe sito ta ci karo da kwamfutar ƙarƙashin wata karyayyiyar fanka. Ta rungume ta sai shagon mai gyara.

"Malama, wannan ai ta girme ni," in ji shi, yana hure ƙura. "Gizo-gizon ciki ma ya yi jikoki."

Ya zaro ma'ajiyar bayananta ya jona da tasa kwamfutar, ya yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule har ƙafarta ta yi sanyi a tsaye. Can sai ga teku, ga hasumiya, ga jar riga. Ta saita wayarta kan rubutun don ta fassara mata.

Wayar ta ce: Kai ne sabon ma'aikacin hasumiya. Ƙwan fitilar sama ya mutu. Hau ka canza shi kafin jiragen ruwa su iso.

Sau uku tana karantawa.

"Ina uwar?" ta ce a hankali.

"Uwar wa?" in ji mai gyara. "Wannan ai ƙato ne, ga gemunsa nan."

Ta matso da fuskarta. Abin da ta ɗauka ɗankwali ne ɗaure a wuya, gemu ne.

Nan tsaye ta kira Yaya, yana wurin aiki. Ta karanta masa.

"Ni ina na iya yaren, Auta? Ina aji huɗu fa. Kullum kina kuka a kai ki wurin Mama, kuma ba a barin yara su shiga. Shi ne na ce ga wata ita ma tana neman tata."

"Duk abin da ka karanta min..."

"Daga kaina."

Ta dafa teburin mai gyara, wasu ƙananan kusoshi suka zube ƙasa.

"Hawa na shida fa? Me ya hana mu wucewa?"

"Na kai sama tun makon farko, an tafi yi miki kitso. Fitila ce kawai, ba kowa. Daga nan duk sanda muka sami makullin ƙarshe, kina waiwayawa nake jefa shi teku."

"Ka ce ni ce nake danna inda ba daidai ba."

"Na ce."

"Yaya, har na gama jami'a ina ganin ni na hana ta kaiwa."

Mai gyara ya sunkuya yana tsince kusoshinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar ba ya ji.

"Da ka bar ni na hau," ta ce, "me za ka karanta min a can?"

"Shi ne na kasa shiryawa. Na yi ta gwadawa, Auta. Har yau ban samu ba."