Ƙwaron da ke cikin injin Baba

Ƙwaro ake kiran mahaifina a garin Ely, tun ina ƙarami har ya rasu. Ainihin sunansa Anton Petrich. Mai aski ne, shagonsa na bakin babban titi, daidai inda mota take sauke masu haƙar jan ƙarfe. Na taɓa tambayar Mama dalilin sunan, ta ce saboda tabaransa ne mai kauri, wanda ke fito da idanunsa ƙuru-ƙuru. Na yarda, tunda ga tabaran ina gani.

Sai da na haura hamsin, na bar aikin gidan waya, na faɗa cikin haukar tara tsofaffin injinan caca, sannan na ji ma'anar kalmar a wajen 'yan harka. Hollis Yancey ne ya koya mini gyaransu a garejinsa da ke Reno, tsohon makanike mai baƙar magana. Wata rana ya buɗe bayan wani inji, ya haska tocila, ya ce, "Milo, zo ka ga ƙwaro."

Na leƙa ina neman kyankyaso. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da bai kai farcen babban yatsa ba. Kowane faifai cikin ukun nan masu juyawa yana da ƙarfe mai haƙora a gefensa, kuma giɓin da birki ya faɗa, nan faifan zai tsaya. Idan mai shago mugu ne, sai ya toshe giɓin da ke kawo babban ci da wannan ɗan ƙarfen. Mutum zai yi ta zuba kwabbansa yana jan hannun inji har ya tsufa, zanen baƙaƙen sanduna uku na babban ci ba za su taɓa jeruwa ba.

"Me ya same ka?" in ji Hollis. "Ka yi tsuru kamar ka haɗiyi kwabo."

Na tuna ne akwai inji irin wannan a shagonmu, a kan kanta kusa da kwalbar man gashi, kuma wata rana aka wayi gari babu shi. Na tuna kujerun jira da suka koma wayam.

A ranar na buga wa yayata Zorka waya. Ta girme ni da shekara takwas, kuma har gobe tana Ely, a gidan da aka haife mu.

"Wa ya cusa maka wannan shirmen?" ta ce. "Baba bai taɓa cutar kowa ba. Auta, ka nemi aikin yi. Mutum da furfurarsa yana wasa da gwangwanaye."

Ta kashe waya. Ni kuwa idan aka rufe mini ƙofa da ƙarfi, a nan nake shimfiɗa tabarma. Ina ƙaunar mahaifina, kuma ina so in sani: mutumin da ya koya mini mayar da canjin da aka ba ni bisa kuskure, ɓarawo ne ko ba ɓarawo ba? Amsar tana cikin injin, in dai yana nan a duniya. Bayan rasuwarsa Mama ta sayar wa wani mai sayen tarkace duk abin da ke ɗakin ajiya. Abin da ya rage mini shi ne tsohuwar takardar lasisi mai ɗauke da lambar injin, sai kuma abin da idona ya riƙe, cewa Baba ya zana A.P. da tsinin aska a katakon gefen dama.

Shekara goma sha ɗaya ina bin shafukan gwanjo a intanet. Kullum da safe, da kofin gahawa a hannu, sai in yi ta buɗa hotuna ina ƙara musu girma ina duba katakon gefe. A hanya na sayi injina goma sha huɗu da ba su nake nema ba, har motata ta koma kwana a waje. Matata Lorna ta ce ranar da na shigo da na goma sha biyar, ni da shi za mu bi motar.

A watan Afrilun bara injin Baba ya bayyana. Magadan wani mai tara kaya ne a Ohio suke watsar da abin da ya bari. Hoto na shida ya nuna gefen dama, ga haruffan nan biyu. Na gwada lambar da ta takardata har sau uku. A ƙasa an rubuta: "Yadda aka same shi. Babu makulli, ba a buɗe bayansa ba." Sai da na tashi na zaga gida. Daɗi ya ɗebe ni, na sake buga wa Zorka, na faɗa mata har da sunan shafin. Ta ce tana da tukunya a wuta.

Kwana bakwai aka ba gwanjon. Mu 'yan harka ba ma tayi da wuri. Kana gani kana so, amma ka naɗe hannu, sai saura 'yan daƙiƙu a rufe ka jefa naka, yadda ba wanda zai samu damar ɗorawa. Mai tayi da wuri farashi kawai yake tayarwa, kuma ya tona wa kansa asiri. To amma tun rana ta biyu wani ya diro. Shafin ba ya nuna suna, lamba yake ba kowa, shi wannan Mai Tayi na Bakwai ne. Duk wanda ya taɓa, sai ya ɗora a kansa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lokacinsa. Ba ya motsi sai tsakanin goma na safe da biyar na yamma, ranar Lahadi kuwa ko tari bai yi ba.

Na kai wa Hollis maganar. Ya sa tabarau ya duba jerin tayin.

"Wannan bai san hannun inji daga wutsiyar jaki ba," ya ce. "Injin nan gama-gari ne, ina da irinsa biyu ina ɗora musu fenti. Ko dai sabon shiga ne, ko kuma mahaukaci irinka."

"Ni ina da dalili."

"Shi ma wataƙila ubansa mai aski ne."

Na yi kwanaki ina saƙa da warwara. Ko jikan wani ne cikin waɗanda aka cuta? Ko ɗan koren masu gwanjon ne? To wane ɗan kore ne yake hutun Lahadi?

Ranar Talata da ƙarfe uku na rana za a rufe. Na zauna gaban kwamfuta tun biyu, na hana Lorna kunna injin wanki don kada wani abu ya taɓa wuta. Saura minti goma, na Bakwai ya ƙara a kan tayin kansa, abin da ko yaro ba zai yi ba. Na rubuta adadin da har yau ban faɗa wa Lorna ba, na ɗora yatsa, na jira. Saura daƙiƙa shida na danna. Shafin ya yi ɗan tunani, sannan ya ce nawa ne.

Bayan sati biyu aka sauke akwatin katako a ƙofar gareji. Na ciro injin na ɗora a teburin aiki. Ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Na saka kwabo na ja hannun, faifan suka juya da ƙyar, suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar baya kuwa gam. Na gwada duk makullan da na tara, na Hollis ma na aro, babu wanda ya juya. Fasa kwaɗon asali abin kunya ne a wajenmu, amma washegari da hantsi na ɗauko abin huda ƙarfe. Ina cikin neman bakin da ya dace na ji tsayuwar mota.

Zorka ce, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, ta tuƙo kanta awa biyar ba ko sanarwa. Ta shigo rungume da burodin gyaɗar turawa irin na Mama, naɗe a tawul. Ta ajiye shi a kan wani inji, ta tsaya tana kallon na Baba.

"Ka ga abin da ka zubar da kuɗinka a kai," ta ce.

"Sannu da hanya dai tukuna."

"Kuma abin da kuke yi ɗin nan ba tarbiyya ba ce. Mutum ya laɓe kamar ɓera, sai saura daƙiƙa shida ya fito ya wafce. Ai a gwanjon kirki sai an tambaya ko akwai mai ƙari."

Na ajiye abin hudar a hankali. Ban taɓa faɗa wa kowa zancen daƙiƙa shida ba, ko Hollis.

"Zorka, ke da ko wayar shafawa ba ki da ita?"

"Akwai kwamfuta a laburare. Yarinyar da ke wurin ce take danna mini." Ta gyara zaman jakarta. "Ba sa buɗewa ranar Lahadi."

Na rasa abin da zan yi, dariya ko faɗa. Na tambaye ta me za ta yi da shi da ta samu. Ta ce akwai tsohon ramin haƙa a bayan gari, mai zurfin gaske. Sannan ta buɗe jaka, ta ciro wani ɗan makulli ɗaure da zaren ulu, ta ajiye a teburin.

"Kada ka lalata masa kwaɗo. Buɗe."

Makullin ya juya kamar jiya aka rufe. Na zaro cikin injin gaba ɗaya, na haska faifai na uku, na bi haƙoran da yatsa ɗaya-ɗaya. Ƙwaron yana nan. Ashe duk shekarun nan ina fatan kada in same shi. Amma da na matso da fitila sai na ga ba irin wanda Hollis ya nuna mini ba ne. Wancan ƙirar maƙera ne, da ɗan kusoshinsa. Wannan kuwa an lanƙwasa shi ne da hannu, an naɗe da siririyar waya, naɗin ma a karkace. Na goge tsatsar da tsumma. A jikinsa akwai zanen ɗan fure, har da sauran shuɗin fenti. Abin maƙale gashi ne na 'yan mata.

Zorka ta jawo kujera ta zauna.

"Shekarata goma sha uku," ta ce. "Ni nake cire wa injin kwabo idan ya maƙale, don hannuna ya fi shiga. Babban ci ya faɗo sau biyu a wata guda, na tarar da Mama tana kukan asarar kuɗinmu a kicin. Na taɓa jin mai gyara yana ba Baba labarin ƙwaro, Baba ya ce kada ya ƙara kawo masa wannan zancen shago. Ni kuwa na riƙe. Na zaci dabara na yi."

"Bai sani ba?"

"Sai bayan wata bakwai. Wani direban jirgin ƙasan ma'adinai ya lura faifan yana ɗan tsalle idan ya zo kan sanda. Ranar Asabar ce, shago cike. Suka ce sai an buɗe. Baba har dariya yake yi, ya buɗe musu da kansa. Ina tsaye da tsintsiya a bakin ƙofa." Ta nuna furen da yatsa. "Shi ya sayo mini abin gashin nan a birnin Salt Lake. Yana gani ya gane. Ya sa babban yatsa ya rufe furen, ya ce musu, 'Ni na sa.'"

Na ce, "Daga baya fa? Me ya ce miki?"

"Ya kulle injin, ya kai ɗakin ajiya. Da yamma ya miƙo mini makullin, ya ce in je in taya Mama wanke-wanke. Shi ke nan. Shekara ashirin da shida ina jira ya tayar da maganar." Ta share hanci da gefen tawul ɗin burodin. "Ranar aurena, fada, limamin coci, ya tambaya wa zai ba da amarya. Wani daga kujerun baya ya ce, 'Ƙwaro.' Aka yi dariya a cikin coci. Baba ya juya ya ɗaga musu hannu, kamar an yabe shi."

Haushinta ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ta bar ni shekara goma sha ɗaya ina zargin mutumin a zuciyata. Amma na dubi hannayenta a kan cinyarta, duk sun kumbura da sanyin ƙashi, sai haushin ya rasa wurin zama. Na ɗauko filaya na ce bari in cire shi, ta tafi da abinta, ba mai ji daga bakina.

"Bar shi inda yake," ta ce.

Idonta na kan sauran injinan. Kowanne na liƙa masa ɗan kati mai bayanin shekararsa da inda ya fito, don 'yan harka da ke zuwa kallo.

"Mutane suna karanta waɗannan?"

"Har hoto suke ɗauka su sa a intanet."

"To ɗauko sabo."

Na ɗauko kati da biro. Ta ce in rubuta shagon aski na Anton Petrich, Ely. Na rubuta. Ta ce in rubuta cewa akwai ƙwaro a faifai na uku, kuma mai shagon bai san da shi ba. Na rubuta, na ɗago ina cewa ai ya isa haka.

"Bai isa ba. Rubuta wadda ta sa." Ta matso da kujerarta don ta ga hannuna. "Zorka Petrich. Da manyan baƙaƙe, Auta, rubutunka kamar tafiyar kaza."